Yadda Ake Tsara Matsayi da Izinin Ma'aikata a Manhajar Kasuwanci

Duk lokacin da aka kira ni in duba manhajar wani kamfani, ko ta lissafin kuɗi ce ko ta sito ko ta kula da abokan ciniki, abin da nake fara buɗewa shi ne jerin sunayen masu shiga cikinta, kuma kusan kullum abu ɗaya nake tararwa: mutane da yawa suna riƙe da ikon admin, wato cikakken ikon sarrafa manhajar, ba tare da aikinsu ya buƙaci hakan ba, sunan wanda ya ajiye aiki tun bara yana nan daram, sannan ga wani asusu mai suna “ofis” wanda kowa ya haddace kalmar sirrinsa. Ba mugunta ce ke jawo haka ba, gaggawa ce. Ba da izini aikin minti ɗaya ne, amma karɓe shi sai an tuna, kuma ba kasafai ake tunawa ba. Bayanin da ke tafe na wanda aka ɗora wa wannan aiki a karon farko ne.

Abubuwan da za ka tanada

Kana buƙatar asusun admin na manhajar, da cikakken jerin ma'aikata daga sashen kula da ma'aikata, wanda ya ƙunshi sashen kowa da sunan shugabansa da kuma ko na dindindin ne ko na wucin gadi. Kana buƙatar jadawali a Excel ko Google Sheets, in babu kuwa babbar takarda da abin ja layi sun wadatar. Ka nemi kwafin gwaji na manhajar, wato wanda za ka yi ɓarna a cikinsa ba tare da ka taɓa bayanan gaskiya ba. Idan manhajarka ba ta da shi, ka yi ajiyar bayanan gaba ɗaya kafin ka fara, ka kuma zaɓi lokacin da ba kowa a kan aiki. Ka tanadi adireshin imel biyu ko uku na gwaji, da manhajar adana kalmomin sirri irin su Bitwarden. Abu na ƙarshe, wanda ya fi sauran muhimmanci, shi ne amincewar mai kamfani ko babban manaja a rubuce, domin ranar da ka rage wa wani babba iko, da wannan takarda za ka kare kanka.

Bayanin ka'ida kaɗan ya ishe ka. Abubuwa uku ne a tsarin: asusu, wato mutumin da ke shiga, izini, wato damar yin abu guda kamar ganin rahoton albashi, da matsayi, wato ƙunshin izini da aka ɗaure wuri ɗaya aka sa masa suna, kamar “kashiya” ko “akanta”. Ana ɗora izini a kan matsayi, sannan a ɗora mutum a kan matsayin. David Ferraiolo da Richard Kuhn na NIST, hukumar Amurka mai tsara ma'aunan fasaha, su ne suka fitar da wannan tsari a rubuce a 1992, kuma a kansa yawancin manhajojin kasuwanci suke tafiya yau. Ka'ida ta biyu ta girme shi, domin tun 1975 Jerome Saltzer da Michael Schroeder suka bayyana ta: a ba kowa mafi ƙarancin ikon da zai ishe shi yin aikinsa, kada a ƙara.

Mataki na 1: Rubuta ayyukan da ake yi, ba sunayen muƙamai ba

Kada ka zauna a teburinka ka yi hasashen abin da kowa yake yi. Ka je ka zauna kusa da mutum ɗaya daga kowane sashe, ka ce ya nuna maka abin da yake taɓawa a manhajar daga safe zuwa tashi, sannan ka tambaye shi abin da yake yi a ƙarshen wata da ƙarshen shekara, domin waɗannan ne ake mantawa da su sai ranar ta zo a fara kiranka a waya. Ka rubuta kowane aiki da fi'ili da abin da ya shafa: shigar da odar abokin ciniki, karɓar kaya a sito, ba da rangwame, mayar da kuɗi, amincewa da biyan mai kawo kaya.

Sunan muƙami yana ruɗi. Na sha ganin mutum biyu masu laƙabin “jami'in gudanarwa”, ɗaya yana shirya albashi, ɗaya kuma yana sayo kayan ofis, alhali babu abin da ya haɗa buƙatunsu a manhaja. Idan ka gama, ka tattara ayyukan da ke tafiya tare, kowane rukuni ya zama matsayi guda. A ƙaramin kamfani, matsayi biyar zuwa takwas sukan isa. Idan ka ga yawan matsayin da ka fitar ya kusa kai yawan ma'aikata, to mutane kake tsarawa, ba matsayi ba, sai ka koma ka haɗe.

Mataki na 2: Zana jadawalin izini

Nan ne ainihin aikin yake, kuma ina ba ka shawarar kada ka taɓa manhajar sai wannan jadawali ya kammala. A gefen hagu, daga sama zuwa ƙasa, ka jera nau'o'in bayanai: abokan ciniki, masu kawo kaya, farashin sayarwa, farashin saye, kayan sito, takardun neman biya, asusun banki, albashi, rahotanni, da saitin manhajar kanta. A sama, daga hagu zuwa dama, ka jera matsayin da ka fitar. A kowane gida da layukan suka haɗu, ka rubuta abin da wannan matsayi zai iya yi da wannan bayani, kuma abubuwa shida ne: gani, ƙirƙira, gyara, gogewa, amincewa, da fitarwa. Ka fara da barin kowane gida fanko, kada ka cike shi sai ka iya nuna aikin da ke cikin jerinka na mataki na 1 wanda ya buƙaci hakan. Masu farawa daga cikakken iko suna ragewa kullum sukan bar wani abu a baya.

Biyu daga cikin shidan nan suna buƙatar ka tsaya a kansu. Gogewa kusan babu wanda ya kamata a ba shi a kan takardun kuɗi. Idan an yi kuskure a takarda, soke ta ake yi a fitar da wata, ta yadda tsohuwar za ta ci gaba da zama a tarihi. Shi ya sa manhaja irin ERPNext ta ware izinin miƙawa da na sokewa da na gyara bayan sokewa, kowanne daban. Fitarwa kuwa ita ce izinin da sababbin masu wannan aiki suka fi rainawa. Ma'aikacin da ke ganin abokin ciniki ɗaya bayan ɗaya a kan allo ba daidai yake da wanda zai danna maɓalli guda ya sauke sunaye da lambobin wayar dukan abokan cinikin kamfani a fayil ɗaya ya saka a aljihu ba. Ka taƙaita fitarwa ga mutum ɗaya ko biyu a kowane sashe.

Bayan haka sai ka ƙara tambayar iyaka: bayanan wa? Mai sayarwa zai ga abokan cinikinsa kaɗai ko na kowa? Manajan reshe zai ga reshensa ko dukan rassa? Akwai kuma iyakar adadi, wato rangwamen da kashiya zai iya bayarwa da kansa da wanda sai manaja ya sa hannu. Ka rubuta waɗannan a cikin gidan da suka shafa. Idan jadawalin ya cika, ka kai wa shugaban kowane sashe ya duba ɓangarensa ya sa hannu, domin shi ya san aikin, kai kuwa ka san manhajar ne kawai.

Mataki na 3: Raba ayyukan da bai kamata su haɗu a hannu ɗaya ba

Ka bi jadawalin matsayi bayan matsayi kana neman haɗuwa mai haɗari. Wanda ke yi wa sabon mai kawo kaya rajista, ko yake canza lambar asusun bankinsa, kada ya zama shi ke amincewa da biyansa. Wanda ke saka sunan ma'aikaci a jerin albashi kada ya zama shi ke sakin albashin. Wanda ke riƙe da makullin sito kada ya zama shi ke gyara adadin kaya a manhaja bayan ƙidaya. Wanda ke karɓar kuɗi kada ya iya yafe bashin abokin ciniki.

Duk wanda yake ganin wannan tsanani ne ya dubi abin da ya sami bankin Barings na Ingila, wanda aka kafa a 1762. Nick Leeson, ma'aikacinsu a Singafo, shi ne ke yin ciniki a kasuwar hada-hadar kuɗi, kuma shi ne ke shugabantar ofishin da ke tantance cinikin yana shigar da shi a littafi. Ya riƙa ɓoye asararsa a wani asusu mai lamba 88888 har ta kai fam miliyan 827, bankin ya durƙushe a Fabrairun 1995, aka sayar da shi ga bankin ING na ƙasar Holland a kan fam ɗaya. Babu wani ɗan kutse daga waje a labarin. Aiki biyu ne aka bar wa mutum ɗaya.

Za ka gamu da ƙorafi a nan, musamman daga tsohon ma'aikaci da zai ce maka, “Wato yanzu ba a yarda da ni ba ke nan?” Amsar da nake bayarwa ita ce rabuwar tana kare shi ne, domin ranar da kuɗi suka ɓace, wanda ba shi da ikon taɓa su ba ya cikin waɗanda za a tuhuma. Idan kuma kamfanin ƙarami ne har akanta ɗaya ne ke yin komai, ba za ka iya raba aikin ba, amma za ka iya sa ido a kansa: mai kamfani ya riƙe amincewar ƙarshe a manhajar banki, a saita saƙon imel da zai je masa duk lokacin da aka canza lambar asusun wani mai kawo kaya, kuma ya duba bayanin banki da kansa kowane wata.

Mataki na 4: Killace asusun admin

Admin biyu ko uku sun isa. Ɗaya kaɗai haɗari ne, domin idan ya kwanta rashin lafiya ko wayarsa ta ɓace an kulle kowa a waje. Da yawa kuma ɓaraka ce. Kamfanin Microsoft kansa yana shawartar masu amfani da Microsoft 365 kada masu riƙe da babban ikon admin su kai biyar, kuma a tanadi asusun ko-ta-kwana guda biyu. Kai ma ka buɗe irin wannan asusu wanda ba na kowa ba ne, ka sa masa doguwar kalmar sirri, ka rubuta ta da lambobin ceto, wato waɗanda ake shiga da su idan hanyar da aka saba ta ƙi, a takarda, a rufe a ambulan a ajiye a sef, kuma a gwada shi lokaci-lokaci don a tabbatar yana aiki.

Duk admin ya kasance da asusu biyu, ɗaya na aikin yau da kullum, ɗaya na gudanarwa wanda ba ya shiga sai da dalili. Mai kamfani shi ne ya fi wuyar shawo kai, domin yana ganin kamfaninsa ne, dole ya iya komai. Abin da yake so a gaskiya shi ne ya ga komai, saboda haka ka ba shi matsayin gani da amincewa, ka bar ikon canza saiti a asusu na daban. Asusunsa ne 'yan damfara suka fi nema da saƙonnin yaudara.

Mataki na 5: Gina matsayin a cikin manhaja

Yanzu ka buɗe sashen saiti, ka nemi inda ake kula da masu amfani. Sunan yakan bambanta: Odoo tana kiran su rukunoni, Salesforce tana da furofayil da ƙunshin izini, QuickBooks tana zuwa da matsayi shiryayyu. Kada ka gyara matsayin da manhajar ta zo da shi. Ka kwafe shi, ka sa wa kwafin suna, ka yi gyaranka a can, domin sabuntawa na iya mayar da na asali yadda yake, kuma kana buƙatar na asalin don kwatantawa. Ka sa sunaye masu bayyana kansu, kamar “Sito, karɓar kaya” ko “Kuɗi, amincewa da biya”, ka guji irin su “Matsayi 2” da ba wanda zai gane bayan wata shida, har kai kanka.

Akwai tarko guda da ya kamata ka sani. A yawancin manhajoji, ciki har da Odoo, izini taruwa yake yi: idan mutum yana da matsayi biyu, ɗaya ya hana shi gogewa ɗaya ya ba shi, to ya samu. A wasu tsare-tsare kuwa, kamar izinin fayiloli na Windows, hani na kai tsaye yakan rinjayi izini. Ka gano wanne manhajarka take bi kafin ka ɗora wa kowa matsayi biyu, kuma duk lokacin da ka yi hakan ka koma mataki na 3 ka duba ko haɗuwar ta haifar da abin da ka raba.

Idan manhajar ba ta yarda a ƙirƙiri sabon matsayi, ka zaɓi mafi ƙanƙanta daga cikin shiryayyun wanda zai ishi aikin, ka rubuta abin da ya yi yawa a cikinsa domin a riƙa bibiyarsa. Ka kuma kunna kulle wata, wato ranar da ba mai iya gyara takardun da suka gabace ta, da kundin da ke rubuta wanda ya yi me da kuma yaushe.

Mataki na 6: Gwaji

Ka buɗe asusun gwaji ga kowane matsayi, ka shiga da shi a wata burauza daban, ka yi gwaji iri biyu. Na farko, ka yi duk ayyukan da ya kamata matsayin ya iya, daga farko har ƙarshe. Na biyu, wanda aka fi tsallakewa, ka yi ƙoƙarin yin abin da aka hana shi. Ɓoye maɓalli daga allo ba hani ba ne: ka kwafi adireshin shafin albashi daga asusun admin ka liƙa a asusun kashiya ka ga ko zai buɗe. Ka duba rahotanni da akwatin bincike da manhajar waya, domin ta nan bayanai suka fi yoyo. Na taɓa rufe farashin saye daga masu sayarwa a wani kamfani, na yi ta murna, sai bayan mako biyu na gano cewa rahoton riba da na bar musu yana nuna shi ɓaro-ɓaro a layi na huɗu.

Daga nan ka fara da sashe guda na 'yan kwanaki kafin ka game kowa, kuma kada ka yi wannan sauyi a makon rufe lissafin wata.

Mataki na 7: Buɗe wa kowa asusunsa

Kowane mutum da asusunsa, da imel ɗin kamfani, ba nasa na kansa ba. Asusun tarayya yakan samo asali ne daga son rage kuɗin lasisi, tunda manhajoji da yawa kan kowane kai suke caji, amma ranar da aka soke wata takarda kundin tarihi ya ce “ofis” ne ya yi, za ka ga abin da aka yi asara ya fi abin da aka tara. Idan babu makawa, misali a na'urar karɓar kuɗi guda da ake karɓa-karɓa, ka ba kowane kashiya lambar sirrinsa, in manhajar ba ta da wannan kuwa a riƙe rajistar wanda ya hau da lokacin da ya sauka.

Ka wajabta tabbaci mai mataki biyu, wato neman ƙarin shaida kamar lamba daga waya bayan kalmar sirri, ka fara da admin da ma'aikatan kuɗi. Manhajar tantancewa irin Google Authenticator ko Microsoft Authenticator, wadda ke fitar da lamba shida da ke canzawa duk daƙiƙa 30, ta fi saƙon tes aminci, domin ana iya sace layin waya. Game da kalmar sirri, tsawo ya fi tarkacen alamomi amfani, kuma tun 2017 hukumar NIST ta daina ba da shawarar tilasta canza ta lokaci-lokaci sai in akwai alamar ta fita, saboda abin da mutane ke yi kawai shi ne ƙara lamba ɗaya a ƙarshen tsohuwar.

Baƙi, wato odita da ɗan kwangila da injiniyan kamfanin da ya sayar muku da manhajar, kowannensu a ba shi asusu mai ranar ƙarewa. A 2013 an shiga tsarin kamfanin Target na Amurka da bayanan shiga da aka sace daga wani ɗan kwangilarsu mai aikin na'urorin sanyaya wuri, aka kwashe bayanan katin banki kimanin miliyan 40. Idan manhajarka ba ta da ranar ƙarewa, ka sa tunatarwa a kalandarka a ranar da ka buɗe asusun. Haka nan manhajojin da ke haɗe da taka, kamar ta shagon intanet ko ta aika saƙo, su ma asusu ne, kuma sau da yawa da cikakken iko ake haɗa su don sauƙi.

Mataki na 8: Sauyin aiki da barin aiki

Idan aka mayar da ma'aikaci wani sashe, ka cire tsohon matsayi kafin ka ɗora sabo. In ba haka ba, wanda ya shekara goma yana zagaya sassa zai wayi gari da ikon da ya fi na manaja ba tare da kowa ya yanke shawarar ba shi ba. Riƙon ƙwarya ma haka: wanda ya riƙe wa abokin aikinsa lokacin hutu, a rubuta ranar da za a karɓe. Kowace buƙatar ƙarin izini ta zo a rubuce daga shugaban sashe, ko da imel mai layi biyu ne, kuma kada ka karɓi “a ba shi irin na wane”, domin wane ɗin na iya ɗauke da tarin da bai kamata ba.

Ranar da mutum zai bar aiki, a rufe asusunsa a ranar, in kuwa sallama ce, a daidai lokacin da ake sanar da shi. Ka dakatar da asusun, kada ka goge shi, domin gogewa na iya tafiya da sunansa daga tsofaffin takardu ko fayilolin da ya mallaka. Ka fitar da shi daga duk na'urorin da yake ciki, ka mayar da abokan cinikinsa da takardun da ke jiran amincewarsa ga wani, ka canza duk kalmar sirrin tarayya da ya sani. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga: a 2021 masu kutse sun shiga Colonial Pipeline, kamfanin bututun mai na Amurka, ta wani tsohon asusu da aka daina amfani da shi amma ba a rufe ba, kuma ba shi da tabbaci mai mataki biyu, aka tsayar da bututun man na kwanaki, kamfanin ya biya fansar kusan dala miliyan 4.4.

Mataki na 9: Bita

Duk wata uku ga asusun admin da na kuɗi, duk wata shida ga sauran, ka fitar da jerin masu shiga da matsayinsu da ranar da kowa ya shiga ta ƙarshe, ka ajiye shi gefe da gefe da jerin albashi na watan. Duk sunan da ke manhaja amma ba ya jerin albashi, kuma ba baƙon da ka sani ba ne, a dakatar da shi nan take. Ka'idar PCI DSS, wadda ta shafi masu karɓar biya da kati, ta ce a rufe asusun da ya yi kwana 90 ba a shiga ba, kuma ma'auni ne mai kyau ko da ba ta hau kanka ba.

Ka aika wa kowane shugaban sashe sunayen mutanensa, amma kada ka tambaye shi ko komai daidai ne, domin “eh” zai ce ba tare da ya karanta ba. Ka nemi ya rubuta “a bari” ko “a cire” a gaban kowane suna, ka ba shi mako guda, ka sanar da shi cewa sunan da bai ce komai a kansa ba za a dakatar. Idan amsoshin suka dawo, ka aiwatar da su, ka sabunta jadawalin mataki na 2 da kwanan watan, ka ajiye kwafin da aka sa wa hannu a inda odita zai same shi idan ya nema.